Kaji goma sha biyu a bayan gida: za su rage mini kuɗin ƙwai, ko wahala zan saya da kuɗina?

Uwar Biyu, Tudun Jukun

Assalamu alaikum. Don Allah masana kiwo ku taimaka mini da shawara. Mu takwas ne a gida, kiret ɗaya na ƙwai da ƙyar yake kai mana mako, kuma duk wanda aka aika kasuwar Sabon Gari ta nan Zariya sai ya dawo da sabon farashi. Akwai ɗan fili a bayan ɗakin girki, ƙafa 10 a ƙafa 8, katanga ta kewaye shi ta gefe biyu. Ina tunanin zuba kaji 12. Wane iri ya kamata in saya, 'yan tsaki ko manya? Nawa za su ci a wata? Sai an haɗa da zakara? Babbar tambayata kuma ita ce, idan aka yi lissafi tsakani da Allah, ƙwan gida zai fi na kasuwa sauƙi?

Malamin Gona, Samaru

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da ta ƙarshen, don sauran duk a kanta suka rataya.

Kuɗin ƙwai kuɗin abinci ne. Kazar gidan gona mai jan gashi tana cin giram 110 zuwa 120 kullum, ko ta yi ƙwai ko ba ta yi ba. Mu ɗauki 115. Kaji 12 za su ci kilo 1.4 a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai su kwana 18, kusan buhu ɗaya da kashi biyu cikin uku ke nan a wata. To, sai a tambaya: ƙwai nawa za su ba ki a kwana 18 ɗin nan? Idan cikin kowace kaza 10 guda 8 na yin ƙwai kullum, za ki tara wajen 170, kiret 6 saura kaɗan. Idan guda 6 ne cikin 10, ƙwai 130 ne, kiret 4 da 'yan kai. Idan rabi ne ke yi, ƙwai 108, kiret 3 da rabi. Buhun dai ɗaya ne a duka ukun.

Saboda haka kada ki bi ta bakin kowa, har da ni. Ki aika a tambayo kuɗin buhun abincin masu ƙwai yau, ki raba shi gida 6, ki kwatanta da kuɗin kiret. Mu ƙaddara, don misali kawai, buhu naira 18,000 ne. Da kaji masu ƙoƙari, kiret ya tsaya miki wajen 3,100 ta fuskar abinci. Da suka sauko 6 cikin 10, ya koma kusan 4,200. Da suka koma rabi, 5,000 cif. Kin ga riba da faɗuwa ba a bakin ɗan kasuwa suke ba, suna cikin adadin da kike kwashewa kowace safiya.

Akwai ƙari a kan wannan. Kaza ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma kafin nan ta cinye kilo 6 zuwa 7 ba ta biya ko sisi ba. Ko ki yi renon da kanki, ko ki biya wanda ya yi. Hanyar saka shi cikin lissafi mai sauƙi ce: kuɗin da kika sayi kazar, ki cire abin da za a saye ta idan ta tsufa, ragowar ki raba shi gida 8 ko 9, domin a shekara ɗaya ta ƙwai kazar bayan gida mai samun kula tana ba da kiret 8 zuwa 9. Sai kuɗin riga-kafi da shimfiɗa da ɗan abin da ba a rasa ba na mutuwa. Wani ɓangare kuma yana dawowa ta wajen kashinsu, don masu noman rani na bakin kogin Galma ba sa barin takin kaji ya kwana.

Abin da nake ganin kin tsallake shi ne wannan: kiret ɗaya a mako kike buƙata, kuma kaji 6 ma sun ishe ki, za su ba ki ƙwai 33 a mako ko kusa da haka. Sha biyu za su ba ki sama da kiret biyu a mako. Ba laifi ba ne, ɗaya a ci, ɗaya a sayar wa maƙwabta ko mai shayi a sayi abinci da kuɗin, kuma a ganina wannan ne ma tsarin da ya fi riƙe kansa. Amma ki shiga da saninsa. A taƙaice, za ki samu sauƙi, sai dai ba rabin kuɗi ba, kuma sauƙin yana gudu da zarar ƙwai ya sauka ƙasa da 6 cikin 10.

Zakara kuwa ba ki buƙatarsa. Kaza na yin ƙwanta ko babu shi, aikinsa kawai ƙwan ya zama na ƙyanƙyasa. In kin ajiye shi, kin ƙara baki a kan buhu.

Mai Kaji, Kwangila

Lissafin Malam ya yi daidai. Ni batun iri da ɗaki zan taɓa.

Hajiya, a kaji 12 kada ki sayi 'yan kwana ɗaya. Makon farko suna son ɗumi na digiri 33 zuwa 35 dare da rana, ana ragewa kaɗan-kaɗan har mako huɗu ko biyar, ga riga-kafi kusan kowane mako, ga gawayi ko fitila, kuma a nan ne mutuwa ta fi yawa. Wahalar renon 12 da ta 200 kusan ɗaya ce. Ki nemi masu mako 14 zuwa 16, waɗanda suka gama yawancin alluransu amma ba su fara ba. Sun fi masu mako 19 dacewa, domin canjin wuri yana firgita kaza, gara ta saba da ɗakin kafin ƙwai ya zo.

Iri kuwa, ISA Brown da Lohmann su ne suka cika gari. Ga kuma tamu ta gida, ShikaBrown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a kan hanyar Funtuwa ta samar don ta dace da yanayinmu. Yana da kyau a leƙa can a tambaya tun da wuri.

A wajen saye ne ake yi wa sababbin shiga sakiyar da ba ruwa, a haɗa musu da tsofaffin da aka gama tatsa. Ki sa a kamo kazar a duba. Sagarar da ba ta fara ba, ƙafarta da bakinta rawaya ne shar, zankonta ƙarami ne yana shirin yin ja, gashinta sumul. Wadda ta shekara tana ƙwai, rawayan nan ya kwashe ya tafi cikin gwaiduwa, ƙafa ta yi fari fat, gashin wuya da na jela sun ƙoƙe, faratan sun yi tsawo. A ɗora biyu ko uku a sikeli: mai mako 16 ta doshi kilo 1.3 zuwa 1.4, mai mako 18 wajen kilo ɗaya da rabi. Wadda ta gaza sosai an yi mata ƙwauron abinci, za ta makara, kuma ƙwanta zai zo ƙanana. A karɓi takardar riga-kafin da aka yi musu. Wanda ya ce ba shi da ita, a bar masa kajinsa.

Filinki ya isa har ya yi yawa, zai ɗauki 20 ba matsi. Tunda katanga ta tare gefe biyu, sauran biyun kada a toshe su da bulo. A yi gini layi biyu ko uku daga ƙasa, sama duka ragar waya har rufi. Ragar ta zama mai ƙananan ido, don ɓera da gafiya da tsuntsaye masu shigowa cin abinci. Rufin kwano ya yi sama, ƙafa 7 ko fiye, ya zarce bango da ƙafa biyu saboda feshin damina, a shimfiɗa masa zana ko kara a kai don zafi. Ƙasa a yi daɓen siminti, a zuba ɓuntun shinkafa ko aske-asken katako na wurin kafintoci, kaurin yatsa huɗu zuwa biyar. Garin zarto mai laushi ba shi da kyau, suna shaƙa suna ci. Shimfiɗar nan a riƙa juya ta, inda ya jiƙe a kwashe nan take. Gwajinta: ki damƙi cikin hannu ki matse, in ta dunƙule ta jiƙe da yawa. In kuma kin durƙusa zarni ya sa idonki yaji, kajin sun daɗe suna shan wannan.

Akwatin ƙwai uku sun isa, kowanne ƙafa ɗaya ta kowane gefe, a kusurwa mai duhu, da busasshiyar ciyawa a ciki. A kwashe sau biyu ko uku a rana. Ƙwan da ya daɗe sai ya fashe, in kuwa kaza ta ɗanɗana ta koyi shan ƙwai, raba ta da halin sai wuƙa.

Mazubin abinci a rataye shi bakinsa daidai da gadon bayan kaza, kuma kada a cika shi ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Wanda aka ajiye a faranti a ƙasa, suna tona shi da ƙafa da baki, kiret 6 ɗin Malam ya koma 5 ba ki san inda ya bi ba.

Uwar Biyu, Tudun Jukun

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Malam, idan na riƙa haɗa musu da dusa da ragowar tuwo da shinkafa, buhun ba zai ƙara daɗewa ba? Dusa ba ta yanke mana a gida.

Malamin Gona, Samaru

Buhun zai daɗe, Hajiya, ƙwan ne zai tafi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne kashe wa mutane gwiwa.

Abincin mai ƙwai yana buƙatar furotin kashi 16 zuwa 17 cikin 100, da sinadarin kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4. Kowane ɓawon ƙwai ɗaya akwai kalsiyam wajen giram 2 a cikinsa, kuma kullum sai ta samo sabo. Dusar masara da tuwo cika ciki ne, furotin ɗinsu kaɗan ne, kalsiyam kuwa kusan babu. Cikin kaza ƙarami ne, duk abin da ta cika shi da tuwo ta rage na gaske. Ba a ganin illar ran nan. Sai bayan mako ɗaya ko biyu ƙwai ya fara ƙanƙancewa, sannan ɓawo ya yi laushi, sannan adadi ya faɗi, wata ma ƙafarta ta riƙe saboda jikinta ya koma zarar kalsiyam daga ƙashinta. Ragowar abinci kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci, a ba su da yamma bayan sun ci nasu, kuma ban da mai tsami ko gishiri da yawa. Ganye kam a ba su: zogale, alayyafo, ɓawon kabeji. A ɗaure a rataye su yi ta tsattsaga, yana sa gwaiduwa ta yi ja, yana kuma ɗauke musu hankali daga saran juna.

In ana son rage kuɗi da gaske, haɗawa ake yi, ba tsarmawa ba. Ga haɗin kilo 100: masara 55, tunkuzar waken suya 22, dusar alkama 11, dutsen laimiston (mai ba da kalsiyam) 8 da rabi, garin ƙashi 2 da rabi. Sai ƙananan: gishiri giram 300, firimis na masu ƙwai (haɗin bitamin da ma'adanai) giram 250, sai sinadaran gina furotin guda biyu, metiyonin giram 200 da laisin giram 100. Ƙananan nan a fara cuɗa su da kilo biyu na dusa, sannan a zuba cikin babban a juya da shebur aƙalla sau uku, in ba haka ba wata kaza ta cinye gishirin wata. Masarar a ɓarza ta, kada a niƙa ta zama gari.

Abubuwan da ke ɓata wannan haɗi sanannu ne. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da ke hana narkar da furotin, dole a soya shi ko a sayi tunkuzar da aka riga aka sarrafa. Laimiston na abincin kaji daban yake da farar ƙasar shafe bango. Ƙuli-ƙulin kasuwa an yi shi ne don bakin mutum, da gishiri da yaji. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce, tana taɓa hanta ta rage ƙwai, komai arharta a bar ta. Ana iya maye gurbin wani ɓangare na masara da kaura ko farafara, amma jar dawa mai ɗaci ba ta yi.

Sai dai gaskiya, kilo 100 abincin kwana 70 ne ga kaji 12, kuma haɗaɗɗen abinci bai kamata ya wuce mako huɗu zuwa shida a ajiye ba. Ko ki raba ma'aunin gida huɗu, ko ku haɗa kai ku uku ko huɗu. Ribar haɗin ma ta fi fitowa ga wanda ya sayi masararsa da kaka a kasuwa irin ta Giwa ya adana. Mai saye da mudu a watan Yuli, sau da yawa buhun kamfani ya fi masa.

Ɗan Bomo

Ku yi haƙuri manya, amma duk wannan tsari na mai kuɗi a hannu ne. Me ya hana ta ɗauki kajin Hausa ko Noila, irin nan na nama da ƙwai? Suna kiwo da kansu, suna cin dusar da ta ce tana da ita, ba sa laulayi.

Mai Kaji, Kwangila

Ɗan Bomo, ai ƙwai ta ce tana so. Kazar Hausa tana yin 10 zuwa 15 ne ta kwanta a kai kwana 21, sannan ta yi wata biyu ko fiye tana yawo da 'ya'ya. A shekara 40 zuwa 60 ne. Sha biyunsu ba za su cika kiret a mako ba. Arharta kuma daga yawo take, tana tsintar ƙwari da tsaba a bola da gona. A tsakiyar Tudun Jukun ina filin yawon? Da zarar an kulle ta ana ciyarwa, ƙwanta ya fi kowanne tsada. Noila ta fi ta ƙwai nesa ba kusa ba, ga nama, kuma ta fi jure abinci mara ƙarfi, amma jikinta babba ne, cinta ya fi na jar kazar gidan gona, ƙwanta bai kai nata ba. Mai fili a Bomo ko Shika da ke son na yankan Sallah da ɗan ƙwai, Noila ta yi masa. Mai ƙafa 10 a 8 da ke ƙirga kiret, ja ce tata.

Batun rashin laulayi kuma, bari hunturu ya shigo ka ga yadda cutar farin kashi ke share kajin unguwa.

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi, Hanwa

Tunda an ambaci farin kashi, bari in ɗora daga nan, don shi ne ke mayar da lissafi sifili a kwana uku.

Cutar Niyukasil ce, ƙwayar bairos ke kawo ta, ba ta da magani, kuma ta fi tashi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Alamunta: kaza ta takure, zawo kore ko fari, numfashi da ƙara, wata wuyanta ya murɗe, ƙwai ya faɗi rana ɗaya, wanda ya fito ma ɓawonsa ya koɗe ko ya yi taushi. Kafso da barkono da ake jiƙa musu ba sa taɓa ta. Ko an ce an gama musu allura kafin saye, a ci gaba da ba su riga-kafinta mai suna Lasota duk wata biyu zuwa uku, kuma a tabbata an yi ɗaya a Oktoba kafin iska ta juya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin wani nau'in mai suna I-2 da ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido, ya dace da masu kaji kaɗan.

Yawancin riga-kafin da ake cewa bai yi aiki ba, a hanya ya mutu ko a cikin ruwa. A saye shi inda ake ajiye shi a firiji, a ɗauko shi cikin fulas da ƙanƙara. In a ruwan sha za a ba su, a janye wa kaji ruwa awa ɗaya zuwa biyu da sassafe don su ji ƙishi. Ruwan haɗawa ya zama na rijiya ko burtsatse, ban da na famfo mai kulorin, a zuba madarar gari giram 2 a kowace lita, a buɗe kwalbar a cikin ruwan. Mazubin roba, wanda ba a wanke da sabulu ko Dettol ranar ba. Su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu, a inuwa. Kwalbar ta kaji 100 ce ko fiye, kuma ba a ajiye ragowa, don haka a haɗa rana da maƙwabta masu kaji a raba kuɗin.

Sabuwar kaza daga kasuwa, ko ta kyauta, ta yi mako biyu a ware kafin ta shiga cikinsu. Kiret ɗin takarda da ya zagaya gonaki kada ya shiga ɗakin. Takalmi ɗaya a ajiye a ƙofa na shiga wurinsu kawai. In aka ga mutuwa farat ɗaya, uku ko huɗu a yini, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka a ci, kada a sayar. Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a nan, a wata gona da ke Jaji aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a Fabrairun 2006. A sanar da likitan dabbobi, ko a kai gawar cikin leda asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar ABU a duba.

Maganin tsutsar ciki duk wata uku. Ƙwarƙwata da ƙuma a duba ƙarƙashin fiffike da gindin jela da dare, a ajiye musu kwano da toka da yashi su yi birgima. Duk maganin da aka ba su, musamman na kashe ƙwayoyin cuta, a karanta kwanakin da aka hana cin ƙwai a jikin takardarsa. Yara ne za su ci.

Abu biyu kuma da ba cuta ba amma suna cin ƙwai. Na farko zafin Maris zuwa Mayu. Kaza ba ta gumi, haki take yi, hakin nan yana rage abin da take gina ɓawo da shi, ga cin abinci ya ragu. A ba su kaso mafi yawa da asuba da kuma bayan la'asar, tsakar rana a bar su da ruwa mai sanyi daga randa, ana canzawa. Kaji 12 na shan lita 3 a rana, da zafi har 5 ko fiye, kuma yinin da ruwa ya yanke musu sai an yi kwanaki ana biyan bashinsa. Da yake da dare ake gina ɓawo, ɗan tsakin laimiston da yamma yana taimakawa. Na biyu haske. Ranar Zariya awa 11 da rabi ce zuwa 12 da rabi ko ɗan fiye, mai ƙwai kuwa 16 take so. Ƙwan fitilar sola ɗaya ya isa ɗakin. A fara ƙarawa daga mako 18, rabin awa kowane mako, har a kai. Kada a fara wa ƙanana da wuri, suna soma ƙwai jiki bai gama ba, bayansu ya fito, sauran su bi shi da sara. In an kai 16 kuma kada a riƙa yi yau a bar gobe.

Uwar Biyu, Tudun Jukun

Madalla. Saura ɗaya: idan ƙwai ya ragu, yaya zan gane wadda ke ci ba ta biya, tunda duk kamarsu ɗaya?

Mai Kaji, Kwangila

Da dare za ki kama su ɗaya bayan ɗaya, lokacin ba sa gudu. Ki lalubi ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen mafitar ƙwai. In yatsu biyu zuwa uku sun shige tsakaninsu, mafitar tana da faɗi da danshi, ciki da laushi, zanko ja mai sheƙi, tana yi. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, wurin ya bushe ya tsuke, zanko ya yanƙwane, ƙafa ta dawo rawaya, ta tsaya. Ki ɗaura mata zare a ƙafa, ki sake dubawa bayan mako biyu, don wata zubar gashi take yi ko kwanci ya kama ta. In har yanzu yatsa ɗaya ne, ta shiga tukunya. Ki rataye kalanda a ƙofar ɗakin, kowace rana a rubuta ƙwan da aka kwasa, a kuma yi alama ranar da aka buɗe sabon buhu.